Na Sayi Igiya, Habibu

Zuwa ga ƙanena Habibu, a ƙasar sanyi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da littattafanka da rigar sanyinka, ina sanar da kai, da duk wanda zai ji wannan takarda a teburin shayi na titin Mansur kafin ta shiga akwatin gidan waya, cewa wani babban al'amari ya auku a gidanmu na unguwar Tandabawi, a nan Makka. Na sayi igiya.

Igiyar kaba ce, sabuwa, mai kauri. Na haɗa da guga. Ka ɗan riƙe dariyarka, domin rashin wannan igiya ya kusa raba mu da Hajiya Rabi, matar yayanka, wato matata. Tana nan da ranta, tana gaishe ka. Amma bari in bi da kai ta hanyar da abin ya biyo.

Ka tuna zuwanka hutu bara, da muka zauna a kan soro bayan magariba na tambaye ka aikin da kake yi wa Turawa. Na zaci za ka ce kai ne kake kunna tashar lantarki ta nukiliya da safe, ka kashe ta da yamma. Sai ka ce a'a, kai ne mafi ƙanƙanta a wani ofishi da ke rubuta dokokin ruwan gaggawa na irin waɗannan tashoshi. Wato famfunan da ba sa aiki, suna zaune suna jiran ranar da babban bututu zai fashe, ruwan da ke sanyaya tukunyar tashar ya tsiyaye.

Na ce to a kashe wutar mana, halas, shi ke nan. Sai ka kama hannuna ka ɗora a bangon soro. Rana ta daɗe da faɗuwa, amma bangon yana ƙuna. Ka ce haka cikin tukunyar yake, an kashe amma zafi bai mutu ba, in ba a kwarara masa ruwa nan take ba sai ya narkar da ƙarfen da ke riƙe da shi. Misalin ya burge ni, ban dai nuna maka ba.

Ka ce rigimarku da masu tashoshin a kan abu biyu ne. Kuna so a riƙa tayar da famfunan a kai a kai ana gwadawa. Kuma in aka tarar ɗaya ya lalace, a ba su ɗan lokaci su gyara, in lokacin ya cika ba su gyara ba a rufe tashar ko gari zai kwana a duhu. Su kuma suna cewa famfo sabo ne, ba a taɓa amfani da shi ba, me zai same shi?

Ni na goyi bayan masu tashoshin. Har na ce Inna ta taka daga ƙasar Kano, ta ratsa Chadi da Sudan da kai a bayanta, don ka girma ka zama mai gadin famfon da ba ya aiki. Na maimaita wannan magana a Mansur, an yi dariya sosai. Malam Idi tela, maƙwabcinmu, har ya ƙware da shayi.

Washegari ka nemi mabuɗin sahrij, ramin ajiye ruwan nan da ke ƙarƙashin zaurenmu. Ka san dokar Inna a kansa: ruwan ranar wuya ne, ba a taɓawa. Tun da ta rasu na ƙara wa dokar ƙarfi. Na sa aka cika shi, na rataye igiya da guga daga ciki a ƙarƙashin murfin don kada mata su ɗauke igiyar su yi shanya, na buga kwaɗo. Ka ce ka ga kwaɗon, kyakkyawa ne, amma kana so ka ga ruwa ya hau. Na hana ka. Na ce karatun da zai sa mutum ya karya maganar uwarsa ba karatu ba ne.

Ba ka yi gardama ba. Ka ce kawai, “Yaya, abin da ba ka gwada ba, zato kake da shi, ba ajiya ba.” Na ce wannan falsafar mutanen da ruwa ke sauko musu daga sama kullum ce.

To, bana zafi ya zo da irin nasa. Ka san Makka in duwatsu suka ɗauki rana. Ruwa ya yanke a bazan, famfon unguwa, masu ɗauko mana ruwa a garwa suka daina zuwa. Abin da ke cikin randa muka yi ta lallaɓawa har ya koma ƙasa. Ban buɗe sahrij ba. A ganina ranar wuya ba ta zo ba tukuna, ƙishirwa ce kawai, kuma na karanta tarihin mutanen da suka jure fiye da haka.

Hajiya Rabi kuwa ba ta fasa sallar azahar a Harami ba. Shekarunta nawa tana yi, ba ni zan hana ta ba. Ran nan sai ga mata biyu sun shigo da ita a rirriƙe. Rana ta buge ta a hanyar dawowa. Jikinta kamar bangon da ka ɗora hannuna a kai, ba gumi ko ɗigo, idonta a buɗe amma ba ta san ni ba. Aka shimfiɗe ta a inuwar zaure. Inuwar ba ta rage komai ba. A nan na tuna maganarka cewa an kashe amma zafi bai mutu ba.

Matan suka ce ruwa, da yawa, yanzu.

Ka zame mini shaida, mabuɗin yana wuyana, ban ɓata lokaci wajen nemansa ba. Kwaɗon ya buɗe ba gardama. Na ɗaga murfi, ga ruwan Inna can ƙasa, cikakke, mai sanyi, har ina ganin fuskata a ciki. Na kama igiya. Ta rabu a hannuna kamar burodin tamis ɗin da aka jiƙa a shayi. Danshin ramin ya cinye ta tun ban san yaushe ba. Guga ya faɗa, na ji ƙararsa.

Ban san ko a ofishinku kuna da suna ga wannan hali ba, a ce ga ruwa, ga mai bukata, tsakaninsu tsayin mutum biyu, kuma ba abin da zai haɗa su.

Na warware rawanina na ɗaura wa butar alwala. Bai kai ba. Malam Idi, wanda ihun mata ya shigo da shi, ya warware nasa muka ƙulla. Ya kai, amma butar ta ƙi nutsewa, sai yawo take yi a kan ruwa. Na duba hagu da dama, ba abu mai nauyi kusa sai kwaɗon. Shi na ɗaura mata a wuya, ta nutse. Wannan shi ne aiki na farko mai amfani da kwaɗon ya yi tun da na saye shi.

Buta ɗaya bayan ɗaya muka riƙa jawowa, mata suna jiƙa mayafai suna lulluɓa mata, suna fifita. Buta ba ta ɗaukar abin kirki, kai ma ka sani. Duk lokacin da na sake zura ta, ina lissafin abin da guga ɗaya zai yi a madadinta. Ban yi addu'a mai tsawo ba, hannuna yana aiki, bakina yana kiran sunanta.

Wajen la'asar ta motsa. Ta dube ni, ta dubi murfin a buɗe, ta tambayi wanda ya taɓa ruwan Inna. Na ce ni ne. Ta ce ai ba a taɓawa. Sai na fita tsakar gida na ɗan tsaya, saboda wani abu ya shiga idona.

Ka san ba mu saba faɗin irin wannan ba a gidanmu. Ita ta wanke Inna, ita ta yi maka guzuri ranar da za ka hau jirgi a Jidda, ita ke ajiye maka dabino har ya bushe. Da abin ya tafi wata hanya, da wata takarda daban kake karantawa yanzu, kuma ban san da wane hannu zan rubuta ta ba.

Yanzu igiya tana rataye a ƙusa a bangon zaure, inda iska ke kaɗa ta kuma kowa yana gani. Kowace Juma'a kafin in tafi masallaci nakan jawo guga ɗaya, in zuba wa tattabaru, in duba igiyar daga kai zuwa gindi. Na kuma kafa doka irin taku: ranar da igiya ko guga ya samu matsala, ba mai fita sallar azahar Harami sai an gyara. Hajiya ta saurara har ƙarshe, ta ce to. Ka san ma'anar “to” ɗinta. Ina jin haka masu tashoshinku suke amsa muku.

Saboda haka in sun sake zuwa da maganar famfo sabo ne, kada ƙanƙantarka a ofis ta sa ka yi shiru. Ka ba su labarin wani mutum mai yawan karatu a Makka da ya kulle igiyarsa tare da ruwansa. Ba sai ka ce yayanka ne ba.

Allah ya jiƙan Inna, ya sanyaya makwancinta. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Allah ya sa famfunanku su tsufa ba a bukace su ba, in kuma an bukace su, ya sa su tashi. Ya dawo mana da kai mu sha shayi a soro.

Wassalam. Naka,
Yaya Usman, Tandabawi, Makka.

Bayan haka: na koma teburin Mansur na janye maganar mai gadin famfo a gaban waɗanda suka yi dariya. Kai ne da gaskiya, ni na yi kuskure. Mabuɗin yana jikin ƙusa tare da igiya.