Gatarin Mahauci da Babban Yatsana

Zuwa ga:
Shugaban Kwamitin Ladabtarwa,
Ƙungiyar Masu Wasan Kwamfuta ta Saman Bene.

Daga:
Tela mai shago a ƙasan bene.

18 ga Maris, 2025

Game da: Karya min yatsa da Mahauci ya yi kan gwajin gatari da takobi

Yallaɓai,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina gabatar da kukana ga kwamitinka mai adalci kamar haka:

1. Kamar yadda ka sani, rundunarmu a wasan nan na intanet tana da al'ada: kafin a fita yaƙar babban dodo, kowa kan sari mutum-mutumin gwaji, wanda makaminsa ya fi ɓarna shi ke shiga gaba. Ranar 9 ga wata Mahauci ya sara da gatarinsa, allo ya nuna ɗari tara. Mai walda ya sara da takobi, ɗari shida. Zaure ya kaure da ihu.

2. Ni aikina a wasan warkar da waɗanda aka raunata ne, amma na kasa shiru. Na ce mutum-mutumin nan tsirara yake, Dodon Kogo kuwa sanye yake da sulke. Sulke na shanye fiye da rabin saran gatari, takobin kuma huda shi yake yi. Almakashin da ke yanka yadi ai ba shi ke yanka fata ba. Mahauci ya ce mai allura ya kama bakinsa in ana zancen ƙarfe. Aka yi min dariya, na haɗiye.

3. Ranar 11 ga wata muka shiga kogon, gatari a gaba. Yallaɓai, kamar ana yi wa dodon susa! Ya tattake mu kaf. Bisa dokar wasan, wanda ya fara faɗuwa yakan rasa makaminsa, Mahauci kuwa shi ya fara faɗuwa, don haka gatarin ya tafi ke nan.

4. Nan take Mahauci ya miƙe daga kujerarsa, wai da gangan na ƙi warkar da shi don maganata ta tabbata. Wallahi ƙarya ne, sai da maganina ya ƙare a kansa. Ya shaƙe ni, ya gwara kaina da gefen tebur har leɓena ya fashe, jini ya wanke min gaban riga. Sannan ya danne hannuna na dama yadda yake danne ƙafar saniya a kan katako, ya sauke min ƙafar kujerar ƙarfe a kan babban yatsa. Da kunnena na ji ƙashin ya ce ƙas. Da ƙyar Mai walda da mai gadi suka ɓamɓare shi, yana ta huci.

5. Likita ya ce da wuya babban yatsan ya sake lanƙwasuwa. Da shi nake riƙe almakashi, da shi nake zura zare. Jiya na gwada, allurar ta faɗi, na zauna ina kallonta kamar wawa. Ban je wurin 'yan sanda ba don Mahauci mijin ƙanwata ne, uban 'ya'yanta. Amma har yau bai leƙo ba, yana ma yawo da cewa ni na ci amanarsa. Wannan ya fi min karayar ciwo.

Saboda haka ina roƙon kwamiti, cikin ladabi, ya dakatar da shi daga zauren. Kafin nan a ara masa gatari, a sa wa mutum-mutumin sulke, a maimaita gwajin a gaban duk waɗanda suka yi dariya, tunda gani ya kori ji. A sa wani ya zauna a kujerata, ni ba na iya danna komai.

Allah ya ƙara wa Yallaɓai girma. A gafarta min rashin sa hannu. Ƙanwata, matar Mahauci, ita ta rubuta takardar nan ina faɗa mata, kuma ba ta roƙe ni in rage ko kalma ɗaya ba.

Naka mai biyayya,
Tela
Na dangwala da yatsan hagu.