Abin da Ya Hana Ni Zuwa Sunan Ɗanki

Zuwa ga 'yata, Mamana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Bashir da yaron, da duk mutanenmu na unguwar Jaradiya can Riyad. Mu ma nan Gumel lafiya lau, sai godiyar Allah. Na san karatun Hausa yana yi miki nauyi, Larabci ya fi zama a bakinki. Ki bi wasiƙar nan a hankali, inda ya shige miki duhu Bashir ya warware miki. Da gangan na sa ta inda kowa zai gani, na gaji da kauce-kauce.

Kin san rabin labarin. Ɗaya rabin ne bakina ya kasa.

Tun ba a haife ki ba nake jan mota a kamfanin dattijon nan, kafilina, Balaraben da nake zaman ƙasar a ƙarƙashin sunansa. Da ya rasu 'ya'yansa suka gaji wurin. Shekarar da aka matsa wa baƙi, iƙamata, takardar izinin zamana, ta ƙare, aka kai jawazat, ofishin shige da fice, a sabunta, suka ƙi. Wai kamfanin bai ɗauki 'yan ƙasa yadda doka ta ce ba. Babban ɗan, wanda na riƙa kaiwa makaranta yana barci a kujerar baya, ya dube ni ya ce, "Dabbir nafsak, ya ammi." Wato in san yadda zan yi da kaina. Na sami wani mai shago a Murabba ya yarda ya karɓi kafalata ya zama sabon kafilina, aka shigar da takardu, su ma aka dawo da su. Ba wanda ya gaya mini dalili.

Daga nan na koma zaman ɗaki a Ulaisha. Ni da na san kowane lungu na Riyad, na zama mai leƙen taga kafin in fita sayen burodi. In an kira salla sai in shimfiɗa darduma a tsakar ɗaki, ina jin takun maƙwabta suna wucewa masallaci.

Ana cikin haka kika haihu. Kika kira ni kika ce, "Baba, don Allah kada ka fito, akwai taftish, ana binciken takardu ko'ina. Mu za mu kawo maka jaririn." Na ce to. Amma mahaifiyarki ba ta da rai, ba ki da wa ba ki da ƙane. Na yi ta tunanin dangin mijinki cike da falo, ke kuma ba kowa a ɓangarenki. Ranar suna da safe na yi wanka, na sa babbar rigata ta shadda fara, na kafa hula, na fesa turare, na tari tasi.

Saura mu sha kwana ɗaya mu shiga layinku muka iske 'yan sanda sun tare hanya. Wani matashin ɗan sanda ya leƙo ya ce, "Iƙama, ya hajj." Na miƙa masa, ya duba, ya ce in fito. Bai zage ni ba, bai taɓa ni ba. Ya dai nuna mini bakin titi inda aka tsugunar da wasu leburori da kayan aikinsu duk siminti, ya ce in bi layi. Na tattare rigata na tsuguna a tsakiyarsu. Masu wucewa ba su kallon kowa sai mai farar riga.

Mamana, da a nan abin ya tsaya, da na haɗiye. Sai ga motar surukina, mahaifin Bashir, yana tafe wurin sunan da mutanensa na Maraɗi. Na juyar da kai, amma ya riga ya gan ni. Dattijon nan ya fito ya yi ta roƙon ɗan sandan nan, yaron da bai kai ɗansa ba, har ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ni ina ƙasa. Mutumin da ya zo ɗakina ya zauna a tabarmata yana neman aurenki ga ɗansa, yau shi ne tsaye a kaina yana nema mini alfarma a titi. Da aka sa mu a mota na ji yana cewa, "Malam Idi, ka yi haƙuri, muna biye da kai." Na sunkuyar da kai har motar ta tashi.

A tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, suka karɓi hulata da agogona, suka zare zariyar wandona. Haka suke yi wa kowa. Da Bashir ya sami izinin ganina, da hannu ɗaya nake riƙe da wando na fito gaban mijin 'yata. Ina so ki san abin da ya yi, don na san shi ba zai faɗa ba. Yana hango ni ya durƙusa har ƙasa a gaban masu gadi, ya kafe idonsa a kan siminti, ya ce, "Baba, ina wuni." Har muka gama bai ɗago ba. A nan ya gaya mini an sa wa yaron sunana. A zuci na sa masa albarka. Ki riƙe mijinki da kyau.

Suka ɗauki zanen yatsuna, aka ce ba ni ba shigowa ƙasar sai abin da Allah ya yi. Na sauka Kano da leda ɗaya a hannu, a cikin rigar da na sa don sunan, ta yi baƙi ƙirin a wuya. Goggonki Hadiza ta tare ni. Ba ta tambaye ni komai ba, ta dai karɓi ledar ta ce ruwan wanka na jira.

Nan gari ana ce mini Alhaji. In na fita sai a ce, "Alhaji, yaushe za a koma?" In ce sai an ga hali. Wata rana bayan la'asar ina neman takalmina a ƙofar masallaci, na ji wani a bayana yana gaya wa abokinsa, "Ai koro shi aka yi." Bai yi ƙarya ba. Na sa takalmina na tafi, na yi kwanaki ban koma wannan masallacin ba. To ga shi yau na faɗa da kaina, duk mai karatu ya sani: koro ni aka yi. Ban yi sata ba, ban ci amanar kowa ba. Takarda aka hana ni.

Ke ce dai har yanzu na kasa fuskanta. In kin kira sai in miƙa wa goggonki waya in fita zaure. Ta gaya mini kina kuka, kina cewa, "Ki ce wa Baba wallahi ma fi aib, ba abin kunya ba ne." Na ji, 'yata. Ba fushi nake da ke ba. Ranar da ya kamata a yi ta taya ki murna, sai aka koma yi miki jaje saboda ni. Wannan ne yake hana ni karɓar wayarki.

Ina da roƙo. Bashir ya riƙa leƙa kabarin mahaifiyarki in ya sami sarari, tunda ni hanya ta rufe. Ke kuma ki riƙa yi wa takwarana Hausa ko da gurguwa ce, don ranar da kuka kawo shi mu iya zama mu yi hira ba tafinta.

Allah ya raya shi, ya shirya shi, kada ya nuna masa ranar da zai tsuguna a gaban kowa sai a gaban Mahaliccinsa. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya saka wa surukaina da alheri, ya yi miki albarka duniya da lahira.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ki kira. Ni zan ɗauka. In kin ji shiru kada ki kashe, ina nan.

Mahaifinki,
Idrisu