Littafin Aikinka Mai Baƙin Bango

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da su Gwaggo a Kano. Ya ƙarin haƙurinmu na rasuwar Hajiya?

Baba, in ka kira, gaisuwa kaɗai nake iya yi sai in miƙa wa Mama waya. Shi ya sa na rubuto a nan, a shafin sada zumunta na iyalinmu da na san kana dubawa. Wata biyar ke nan da tafiyarka jana'iza, har yau ba su ba ka bizar dawowa ba.

Ka tuna ranar da ka nuna mini aikinka a kicin? Ka ajiye tukunya ka ce ita ce babban tauraron ɗan'adam, ka ɗauki gwangwanin madara kana zagaya ta da shi. Ka ce ƙaramin zai riƙa ɗaukar hoton babban a sararin sama, a ga inda ya lalace, kai kuma aikinka ka koya masa hanya don kada ya yi karo. Ka ce, "Matsowa ba wuya, Ummi, tsayawar ce aiki."

Dokta Paula, shugabarku a jami'a, ta zo gida. Ta ce a ɗakin gwaji na'urar ƙaramin tauraron tana ɓatan hanya duk lokacin da haske ya doki kyamararta. Ka gano maganin kafin ka tafi, yana cikin littafinka mai baƙin bango, amma da Hausa ka rubuta. Doka ta hana su tattauna aikin da wanda ke wajen ƙasa, ko da kai ne. In gwajin ƙarshen wata bai yi ba, za a rufe aikin.

Alhaji Sani na masallaci ya ce wa Mama kada mu bayar. Wai in sun samu abin da ke ciki, me za su jira ka yi musu? Kuma da bizar aikin nan naka muke zaune a nan garin Greensboro. Mama ta sa littafin a ƙasan akwati.

Baba, na ɗauko shi. Kwana tara ina fassara shi zuwa Turanci a laburare bayan an tashi makaranta. Lissafin ban gane ba, kwafa kawai na yi. A gefen wani shafi ka rubuta, "A sayo wa Ummi takalmin gudu." Nan na kifa kai a tebur.

Na kasa jure a rufe abin da ka shekara huɗu a kansa. Ranar Laraba, Mama tana wurin aiki, na miƙa wa Dokta Paula. Ta rungume ni, ni ko fuskarta ban iya kallo ba.

Da, duk bayan kwana biyu Dokta Paula take kiran Mama ta tambayi labarinka. Yau kwana takwas ba ta kira ba.

Mama ba ta sani ba, a nan za ta gani. Don Allah Baba, ka faɗa mini, ni na raba ka da aikinka? Ko faɗa ne ka yi mini, zan riƙe wayar, ba zan miƙa wa kowa ba.

Allah ya jiƙan Hajiya. Allah ya buɗe maka hanya ka dawo mana, ya sa ban cuce mu ba. Ka yafe mini.

'Yarka,
Ummi