Ƙarar da Alhaji Inusa Ya Gane

Adjamé Saint-Michel, 6 ga Nuwamba, 2017

Gwaggo Tsahara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Kaka da mutanen gida duka. Na san Kaka ba ya karɓar roƙo ta waya, sai an rubuta an karanta masa, shi ya sa na ba Rabilu direba wannan takarda.

Kin san aikina. A ofishinmu muna haɗa wasan tuƙin jirgin sama a ordinateur, wato kwamfuta, irin wanda mutum zai zauna ya ji kamar da gaske yana sama. Ni ke kula da sauti. Wata huɗu ke nan ina bin injin wani jirgin yaƙi na Japan, Hayabusa, wanda ya yi yaƙin Boma. Silinda goma sha huɗu gare shi, layi biyu, a zagaye kamar tauraro. Na samo takardunsa, an fassara mini, na san sau nawa yake juyawa a minti. Ƙararsa ce ta gagare ni. Jiragen da suka rage suna tashi, yawanci injin Amurka aka sa musu. Sai na haɗa ƙarar da kaina daga lissafi, kuma babu mai ce mini na dace ko ban dace ba.

Sai na tuna Kaka ya je Boma. Shi da ya tsere wa aikin tilas daga Ƙonni, ya shiga sojan Ingila a Sakkwato, ai kunnensa ya ji ta. Minti biyu kawai nake so, in sa masa abin sauraro a kunne ya gaya mini. C'est tout, shi ke nan. Ki roƙar mini shi, in zo ranar Lahadi.

Ɗanki,
Bilal

*

Treichville, 18 ga Nuwamba

Bilal,

Bayan gaisuwa. Kada ka kira, na kashe duk wayoyin gidan, ƙararsu tana firgita Baba.

Me ka sa masa a kunne ranar Lahadi? Ina madafa, ban gani ba. Ka fito ka ce mini komai ya yi daidai, ka tafi kana murna. Tun ranar bai ci abincin kirki ba. Ya hana a kunna fanka. Jirgi ya wuce zai sauka Port-Bouët, na same shi durƙushe bayan randa, hannu a ka. Mutum mai shekara casa'in da uku, Bilal, wanda sai an kama shi yake tashi daga tabarma.

Jiya ya matsa sai ya je Juma'a, Rabilu ya kai shi babban masallaci. Ana cikin huɗuba wani mai babur ya wuce da salansa a fashe. Baba ya miƙe yana ihu, “Ku kwanta! Ku bar bakin ruwa!” Ya kama rigar na kusa da shi ya ja shi ƙasa. Sahun ya hargitse, wasu suka yi ƙofa da gudu suna zaton hari ne. Mutanen da suka san shi shekara sittin a kasuwa, Alhaji Inusa mai atamfa, suna tsaye suna kallonsa.

Shekarata hamsin da takwas, ban taɓa jin ya yi zancen Boma ba, sai dai ya ce an je an dawo. Yanzu yana dubana kamar bai san daga ina na fito ba. Tsoro nake ji. Ka faɗa mini gaskiya, likita yana tambaya.

Gwaggonka,
Tsahara

*

Treichville, ƙofar gida, 20 ga Nuwamba, da azahar

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Rabilu ya same ni a ofis ya ce tun bayan karin kumallo ba a ga Kaka ba. Na zo na tarar kin fita nema, ina rubuta wannan a kan gwiwata, zan tura ta ƙasan ƙofa. Na duba tashar motocin Bracodi ko ya nufi wurin tsofaffin abokansa, na bar hotonsa a komisariya, wurin 'yan sanda. Babu labari. Duk motar asibiti da ta wuce sai na bi ta da ido.

Ga gaskiyar da kika tambaya. Da na kunna, da farko ya girgiza kai, ya ce, “Wannan na nesa ne, ba ya kisa.” Sai na canza zuwa ƙarar jirgin lokacin da yake sukuwa ƙasa-ƙasa. Nan take ya damƙe wuyan hannuna, har yanzu shatin farcensa na nan. Ya ce, “Shi ne. Ta kan kogi yake zuwa.”

Gwaggo, ban kashe ba. Na ga idonsa, na ga gumi, amma daɗi ya rufe ni, wai aikina ya yi daidai. Na ƙara murya, na sake kunna masa har sau uku, ina tambayarsa ko injin yana tari kafin ya ɗaga sama. A na ukun ya ce mini, “Don Allah.” Sannan na cire.

Na ɓoye miki don na san abin da na yi. Patron ɗina na ofis ya ji sautin ya ce ba su taɓa samun irinsa ba, ni kuwa ko ordinateur ɗin ba na iya buɗewa. Idan wani abu ya sami Kaka, ban san da wace fuska zan tsaya gaban kabarin Babana ba. Zan bi bakin ruwan lagune yanzu. Ki yafe mini.

Bilal

*

Treichville, 22 ga Nuwamba

Bilal,

Na ga takardarka. Na karanta sau ɗaya na ajiye, ba zan iya maganarta yanzu ba.

Rabilu ya gaya maka an same shi, amma bai gaya maka yadda aka same shi ba. Wata mai sayar da kifi ce ta gan shi kusa da tashar jirgin ruwa, da la'asar, ya shiga lagune har ƙugu da jallabiyarsa, yana lalube cikin ruwa da hannu biyu. Ba ta san shi ba. Ta kira maza biyu suka fito da shi, yana dukansu yana cewa su sake shi, Mansur yana ciki. Ta cire zanenta na sama ta rufe shi, tana ta ce masa yako, yako, wato sannu, har muka iso.

A asibiti ya ba ni labarin, idonsa a rufe, kamar da wani yake magana. Mansur ɗan garinsu ne, tare suka tsallaka iyaka suna samari. A Boma suna ƙetare wani kogi da kaya a ka, jirgin ya taho. Baba yana gaba, ya kai gaɓa. Mansur yana tsakiyar ruwa ya kira sunansa. Baba bai koma ba. Ko gawar ba a gani ba, ko mahaifiyarmu bai taɓa gaya wa ba.

Sanyi ya shiga ƙirjinsa, an sa masa iska a hanci. Likita ya ce a shekarunsa mu yi ta addu'a. Kada ka zo tukuna, ban san abin da ganinka zai tayar masa ba.

Tsahara

*

Asibiti, 25 ga Nuwamba, da safe

Ɗana Bilal,

Ina gaishe ka. Ka taho yau, kada ka jira a tashi daga aiki.

Bai gane ni ba tun jiya. Na nuna masa hotunan gida ko zai tuna wani, ya wuce kowa, ya ɗora yatsa a kan naka. Ya ce, “Ga Mansur nan. Ashe ya fita?” Ya ce a kira masa kai.

Idan ka shigo kada ka gyara masa suna. Ka zauna ka ba shi hannunka. Idan ya tambaye ka ko ka ƙetare, ka ce masa ka ƙetare lafiya. Alhakin wannan maganar a wuyana.

Ka yi sauri. Allah ya kawo ka lafiya.

Gwaggonka,
Tsahara