Mutanen da Ba Su da Launi

Zuwa ga maigidana, Baban Tsigi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya. Ya aiki, ya zafin kwalta a titin da kuke shimfiɗawa? Ƙafar nan taka ta daina kumburi? Mu nan lafiya lau. Inna tana sa maka albarka, gwiwarta ta yi sauƙi. Direban kamfaninku ya ce ranar Talata zai koma, shi ya sa na ɗauki biro. Wayarku a dajin nan sai an hau tudu, in an samu kuma kai ne mai magana, ni ce mai cewa to.

Asabar ɗin da ta wuce ba zan manta da ita ba. Ɓeraye suka dami Inna, ta sa aka jawo akwatin marigayi Baba daga ƙarƙashin gadonta. Ka san shekarun da ya yi yana haska fim a silimar da aka rushe. Ashe akwatin cike yake da faifai, kowanne ya rubuta masa lamba da hannunsa. Ƙaninka Auta ya rufe shagon gyaran wayarsa tun azahar, ya goge tsohuwar na'urar kunna faifan, ya haɗa ta da talabijin ɗin falo.

Baban Tsigi, wai wannan shi ne fim. Babu launi, babu magana, sai wani kiɗa kamar ana kaɗa tsakuwa a kwano. Ƙato da shi, ya isa aurar da 'ya, a kwaɓa masa abinci a fuska, ya lashe, ya ɗebo ya rama. Abin da zai ciyar da gidan nan kwana uku suka tattake da takalmi. Wannan ya shuri wancan, wancan wandonsa ya zame. Mace ɗaya ce a ciki, ita ma kududdufi aka tura ta. Babu wanda ya kalli wata ya sunkuyar da kai, babu wanda ya tsaya a bakin taga yana jiran wani. Na yi tsaki na koma kan littafina, don saura babi biyu in san ko likitan cikin labarin zai gane masoyiyarsa ce ta rubuta masa wasiƙar.

Sai na ji wani sauti da ban taɓa ji ba a gidan nan. Tsigi ce take dariya. Shekararta shida, tun zazzaɓin da ya tafi da jinta ba ta taɓa zama a gaban talabijin ba, ka sani. Mutane suna motsa baki, ita kuma sai ta tashi ta tafi wajen kaji. Ran nan kuwa ta durƙusa dab da gilashin, tana ƙyaƙyatawa da ƙarfin da ba ta san tana da shi ba. Inna ta saki tsintsiyar hannunta.

Akwai wani dogon mai fenti a fim ɗin, kullum abokin aikinsa yana juyowa da tsani ya buge shi ta baya. Tsigi ta zo ta ja ni har gaban talabijin. Ta nuna shi, ta taɓa kunnenta, ta juya tafin hannu alamar babu, sannan ta dafa ƙirjinta. Ka gane? A ganinta mutumin ba wawa ba ne, ba ya ji ne, kuma ba wanda ya zagayo ta gabansa ya sanar da shi. Mai tsanin take harara. Ta ɗauka duk garin irinta ne, shi ya sa suke magana da gira da hannu da kafaɗa, kuma ba abin da ya wuce ta a cikin labarin. Ita ce ma take taɓa Inna tana nuna mata bokitin da zai faɗo kafin ya faɗo.

Daga ranar ta ajiye fensiran kalan da ka sayo mata. Baƙin kawai take zane da shi. Jiya ta kama jar rigata, ta nuna gilashin, tana tambayata da ido ina launin tasu ya tafi. Na rasa hannun da zan ba ta amsa da shi.

Ni dai har yanzu ƙyamar finafinan nake yi, amma na bar mata. Ka kula da cin abinci.

Taka har kullum,
Maman Tsigi

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar mai kewa, da fatan kai da abokan aikinka kuna lafiya. Saƙonka ya iso, na karanta shi sau uku ko da yake layi bakwai ne. Inna lafiya, Tsigi lafiya, ni ce dai raina a ɓace.

Ka ce in bar yarinya ta yi wasanta. Ka kuma ce zancen makarantar kurame da ma'aikaciyar asibiti ta taɓa kawo mana in binne shi, 'yarka ba kurma ba ce, jinkiri ne, za ta yi magana. Ban yi maka musu ba, don ni ma haka na so. A littattafaina duk yaron da ya rasa magana, a babin ƙarshe yakan buɗe baki ya ce Mama, kowa ya fashe da kuka. Shekara huɗu da rabi ina jiran babin nan.

Amma bari ka ji wasan da ake yi. Tsigi ta koyi tafiyar mai fentin nan, da yadda yake karkaɗe hularsa in ya faɗi. Auta ya gani, ya zana mata gashin baki da gawayi, ya sa mata tsohon kwat ɗin Baba har ƙasa. Da farko mu kaɗai ne. Yanzu da la'asar tsakar gidan nan cika yake yi. Matar mai shago, tela da 'ya'yanta, abokan Auta biyu masu warin sigari, kowa da kujerarsa kamar an buɗe silima.

Da kwaikwayon kaɗai ne da sauƙi. Sun gano abin da ya fi ba su dariya. Tana tafiya, wani zai lallaɓo ta bayanta ya buga murfin tukunya biyu dab da kanta, ita kuwa ba ta ko ƙyafta ido, sai su kwashe da dariya har da riƙe ciki. Su maƙala mata wutsiyar takarda. Su kira ta da sunayen da ba zan sa a takarda ba, ita tana juyowa ta ga haƙora a waje, ta ɗauka tafiyarta ce ta yi kyau, ta ƙara karkacewa. Matar mai shago har hawaye take sharewa da bakin mayafi, bakinta cike da gyaɗa, tana fesa wa mutane. In na tuna fuskar matar nan abinci ba ya shiga mini.

Na yi wa Auta magana. Ya ce, “Haba matar Yaya, ke dai koma ɗaki, a littafinki ne ake kuka, mu nan dariya muke yi.” Ya raɗa mini suna, wai Malama Babi-na-ƙarshe, har 'ya'yan tela sun ɗauka. Na kai ƙara wajen Inna, ta ce, “Ke 'yar nan ba a iya miki. Da ba ta dariya kin damu, yanzu tana yi kin damu. Kawunta ne fa, cinye ta zai yi?”

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Tsigi tana so. Tun azahar take ɗauko kwat ɗin ta tsaya a ƙofa tana jiran su. Shekara nawa yarinyar nan tana gefe ana hira a kanta, yau ga mutum goma sun zuba mata ido. In na ɗauke ta, ni take duka. Kuma zan faɗa maka gaskiya, ran farko da aka buga murfin nan ni ma dariya ta kufce mini. Na shiga ɗaki na wanke bakina kamar na ci wani abu da ya lalace.

Ka rubuto wa ƙaninka, kai zai ji maganarka. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Matarka,
Maman Tsigi

Baban Tsigi,

Assalamu alaikum. Ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, aiki kuma yana sauƙi. Inna tana gaishe ka. Tsigi ta samu sauƙi, kada hankalinka ya tashi, ɗinki uku ne a leɓe. Ka karanta har ƙarshe kafin ka yi fushi.

Direba ya zo hannu wofi wannan karon, na san aiki ne ya riƙe ka. Ranar Laraba tela ta kira ni gwajin riga, ta miƙo mini wayarta tana dariya, wai 'yarki ta yi suna. Ashe Auta ɗauka yake yi. Ya cire wa hoton launi, ya mayar da shi baƙi da fari kamar na Baba, ya watsa. Amma bai cire sautin ba. Na ji murfin tukunya, na ji sunayen, na ji muryar ƙaninka yana cewa, “Ku kalla, ko bindiga aka harba ba ruwanta.” A ƙasa mutanen da ba su san mu ba sun jera fuskokin dariya, ɗaruruwa. Na bar rigar a wajen na fito.

Na tarar ya riga ya nuna wa Tsigi. Ban taɓa ganin farin ciki irin nata ba. Ta riƙe wayar da hannu biyu, ta nuna kanta a ciki, ta ruga ta nuna talabijin. A wajenta ta isa garin nan ne, an karɓe ta, ta zama cikin mutanenta. Na tsaya ina kallonta, ni na san abin da ke cikin wayar, ita ba ta sani ba, kuma ba ni da ko alama ɗaya da zan faɗa mata da ita. Shekara shida, abin da ni da 'yata muke iya cewa bai wuce ci, sha, zo, bari, barci ba.

Washegari na hana wasan. Na rufe kwat ɗin a akwatina. Sai na zauna a ɗaki wai in karanta shafi biyu raina ya huce, biyu suka zama ashirin. Wannan laifina ne, ba na ɗora wa kowa. Suka taru duk da babu kwat ɗin. Auta ya ɗaure igiya a ƙasa tsakanin turmi da ƙofa, yana so ya samu faɗuwa ta gaske. Tsigi ta taho da tafiyar nan tata, igiyar ta harɗe ta, ta faɗa kan bakin baho.

Da na fito na same ta ta miƙe. Ba ta yi kuka ba. Tana karkaɗe hular da babu ita, tana kallonsu ɗaya bayan ɗaya tana jiran dariyar, don a finafinan nan duk wanda ya faɗi tashi yake yi, ba abin da ke samunsa. Sai ta shafa bakinta ta duba hannun. Ta daɗe tana kallon jan. Ta waiga wajen talabijin ta taga, ta sake kallon hannun. A can ba ta taɓa ganin wannan ba. Sannan ta fasa ihu. Matar mai shago ta sulale da kujerarta. Auta kuwa wayar tana hannunsa a ɗage, sai da na kalle shi ya sauke. Ya ce, “Wallahi matar Yaya ban yi zaton...” Ban tsaya jin sauran ba.

A asibiti, muna kan benci bayan ɗinki muna jiran magani, wata mata ta zauna kusa da mu da ɗalibinta da ya yanke a yatsa. Hannuwansu suna tafiya da sauri kamar masu saƙa. Faɗa take yi masa, yana kare kansa, har ya ba ta dariya, duk ba sauti. Tsigi ta manta da leɓenta. Ta sauka daga cinyata, ta je ta tsaya a gaban matar, ta taɓa kunnenta ta yi alamar babu. Matar ta taɓa nata, ta yi alamar babu, ta dafa ƙirji. Sai Tsigi ta kama hannun rigar matar, shuɗiya ce mai furanni rawaya, tana murza ta tsakanin yatsu, tana kallon fuskarta. Da ƙyar na raba su.

Malama ce a makarantar nan da ka ce in binne zancenta. Ta rubuta mini komai a bayan katin magani. Mota ɗaya ce daga bakin titinmu, ana tashi daga makarantar ƙarfe ɗaya, ranar Asabar kuma akwai ajin iyaye. Jiya na je na gani da idona. Yara talatin a fili suna gardama a kan ƙwallo, ba wanda yake lallaɓowa ta bayan wani.

Auta ya goge hoton a gabana, amma na wayoyin mutane ya tafi ke nan. Inna kuwa ita da kanta ta kulle ƙofar gida da la'asar. Faifan Baba na mayar da su ɗakinmu, Tsigi tana kallo in ta so, ita kaɗai ko da ni.

Ban taɓa tsallake maganarka ba tun da aka kawo ni gidan nan, kuma na san ranka zai ɓaci. In ka dawo ka yi mini faɗan, zan tsaya in ji. 'Yarmu kurma ce, Baban Tsigi. Na rubuta sunanta a makarantar, na rubuta nawa a ajin Asabar. Ranar Litinin da ƙarfe bakwai zan kai ta.

Ka huta lafiya.

Taka,
Maman Tsigi