Harsasan da Na Aiko Maka

Kiruna, 3 ga Satumba

Baba,

Ina gaisuwa. Yaya ƙafar Mama? Ni lafiya lau.

Harsasan farautar da na aiko maka, ni na haɗa su da tsofaffin kwanson harsashi da na saya wurin wani Sixten. Ya ce min, "Sau ɗaya aka harba su, malam." Na ga suna ƙyalli, na ɗura albarushi, ban zura waya na lalubi tsaga a ciki yadda ka koya min ba. Ranar Asabar, ɗaya daga cikin waɗanda na rage wa kaina ya fashe a bindigata. Gira ce ta ƙone, likita ya ce idon zai washe. Kada Mama ta ji.

Don Allah kada ka harba ko ɗaya. Ka karɓo waɗanda ka ba Kawu Tauno kana alfahari da ni. In ya tambaya, ka sake ce masa aikin ɗanka ne.

Ɗanka,
Reijo