Katin da zai fitar da kwamfutata zuwa shagon zaure

Assalamu alaikum 'yan gida. Admin a taimaka a ɓoye sunana. Na daɗe ina karanta ku ban taɓa cewa uffan ba, yau dai don Allah ku ba ni shawara.

Ni ɗalibar aji biyu ce a babbar sakandare, gidanmu yana cikin birni kusa da Ƙofar Doka. Da yayanmu zai tafi bautar ƙasa ya bar min tsohuwar kwamfutarsa ta tebur, tana ɗakin Mama a bayan keken ɗinki. Ni nake kakkaɓe mata ƙura da tsohon buroshi, na san yadda ƙarar fankarta take canjawa idan ta gaji. Akwai gem, wato wasan kwamfuta, na gina gari da nake yi, har ganuwa da ƙofofi na zagaya masa irin namu, amma da gidaje sun yi yawa sai hoton ya riƙa ɗaukewa yana dawowa, inuwar bishiyoyi ta koma kamar tabarmar da ta yage. Matsalar daga girafik kad ce, wato katin da ke fitar da hoto. Da na zo ta biyu a ajinmu Baba ya ce in zaɓi kyauta, na ce katin nake so, ya ce in nemo wanda aljihunsa zai iya.

Wani mai gyara a Tukur-Tukur, abokin yayanmu, ya turo hotunan kati guda biyu a wayar Mama, kuɗinsu kusan ɗaya. Ɗaya sabo ne ƙarami, ba ya shan wuta, zai riƙe garina amma iyakarsa ke nan. Ɗayan tokumbo ne mai fanka biyu, ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, har sabon gem ɗin ƙwallo yana ɗauka. Na ƙara girman hoton na duba ko'ina, ko tsatsa babu, kuma mai gyaran ya ce akwatin wutar kwamfutar zai iya da shi. Gaskiya shi ya fi.

To ƙanena Mubarak ya ga hoton, kafin la'asar duk abokansa sun ji labari. Gidanmu baƙi maza ba sa wuce zaure, sai ya fara cewa in aka sa babban katin a mayar da kwamfutar shagon zaure don su riƙa buga ƙwallo. Ni kuma tunda na girma ko tsayuwa a zaure Mama ba ta bari na yi. Na ce masa kyautata ce, ya ce kwamfutar ta gida ce, wai me mace za ta yi da fanka biyu, ai gidan 'yar tsana nake ginawa. Mama ta yi dariya, ta ce dama ƙarar tana hana ta jin rediyo. Ni kam sai na shige ɗaki.

Kishi nake ji, ba zan ɓoye muku ba. Kawunmu har Injiniya yake kiran Mubarak, yaron da bai san ta inda ake buɗe murfin kwamfutar ba, ni ko ba wanda ya taɓa tambayata me nake ginawa. In an sa ƙaramin katin, ƙwallonsu ba za ta tashi ba, kwamfutar ta zauna a bayan keken Mama.

Ranar Asabar Baba zai je karɓowa, kuma duk wanda na ce shi zai saya, don ya ce ni na san kan abin. Jiya da za ni Islamiyya na leƙa shagon, Mubarak ya share shi tas, ya buga ƙusar rataye waya, ya ajiye dogon benci, har alli ya sa ya zana inda kowa zai zauna. Na duba, babu wurina.

Shin in ce wa Baba ƙaramin, in fake da cewa tokumbo ba shi da tabbas, alhali na san lafiyarsa lau? Ko in faɗi gaskiya, in zauna a tsakar gida ina jiyo ihunsu a kan kyautata? Ya zan yi?